Alfadarar da Don Atilio Bai Taɓa Kashewa Ba

Duk wanda ya zauna a Paysandú a waɗancan shekaru, in dai yakan bi titin da ke gangarawa bakin kogi, ya san allon Don Atilio Sequeira. Baƙin allo ne irin na makaranta, a jingine a ƙofar shagonsa, babu komai a kai sai lamba ɗaya da aka rubuta da alli. Kullum da safe, tun kafin ya zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, shayin ganyen da mutanen ƙasar ke sha, sai ya fito da tsumma ya goge lambar jiya ya rubuta ta yau. Baƙo zai ɗauka farashin wani abu ne. 'Yan unguwa kuwa sun san kwanakin da Alfadara ta yi ne ba a kashe ta ba.

Alfadara kwamfuta ce, irin wadda ba ta da wani aiki sai riƙe wa mutane shafukansu na intanet, duk wanda ya nemi shafi daga ko'ina a duniya ta miƙa masa. Wata ƙatuwa ce ruwan toka, a ɗakin baya, ga batura jere a gindinta, ga janareta a tsakar gida saboda ko-ta-kwana. Shi ya raɗa mata sunan, wai saboda ba ta gajiya kuma ba ta ƙorafi.

Asalinsa mai gyaran rediyo da talabijin ne, shekara ashirin da biyar yana sana'ar. Gajere ne mai kauri, ga gashin baki kamar tsintsiya, ga kunnen da ke gane ciwon rediyo tun mai shi bai sauke ta daga kafaɗa ba. Da zamani ya juya, mutane suka koma jefar da talabijin a bola maimakon kai ta gyara, sai ya aika Montevideo, babban birnin ƙasar, aka kawo masa littattafai. Yana ɗan shekara hamsin da biyu ya zauna ya koyi sabuwar sana'a shi kaɗai, da tabarau a ƙarshen hanci. A watan Maris na 2003 ya danna maɓallin Alfadara, washegari ya rubuta ɗaya a allo.

Tana riƙe da shafin ƙungiyar manoman lemo, da na otal biyu, da na masu tseren kwale-kwale, da na wani likitan haƙori. Amma abin da ya sa garin ya so shi, kuma abin da ya kawo wannan labari, shi ne akwatunan wasiƙu. Lokacin an sha wuya, masaƙu da majemu sun rurrufe, da wuya ka ga gidan da ba a raka wani tashar mota da kuka ba. Samari da magidanta duk sun kwarara Sifen neman abin yi. Waya tsada, wasiƙar gidan waya sai ta ga dama ta iso. Sai Don Atilio ya buɗe wa kowane gida akwatinsa a cikin Alfadara, da kalmar sirrinsa, na can ya rubuto, na nan ya karanta. Wanda ba shi da kwamfuta a gida, ga kujeru biyu da wata tsohuwar kwamfuta a gaban shago, ba a karɓar ko sisi.

Kai, an yi zamani a shagon nan! Ranar Asabar da safe sai ka rantse asibitin haihuwa ne, wannan tana dariya, waccan tana share hawaye da gefen riga, wani tsoho yana kiran a zo a ga hoton jikansa da bai taɓa ɗauka ba. Ƙoƙon mate ɗaya ne ke zagayawa daga hannu zuwa hannu. In ana ruwan sama, lalle sai wata ta shigo da kwanon soyayyen fanke a lulluɓe. Ba a sake irin wannan taro a titin ba, kuma duk wanda ya gani yana kewarsa har yau.

A cikin masu zuwa akwai Doña Herminia Pintos, wadda ta yi shekara talatin a masaƙar ulu kafin a rufe. Ɗa ɗaya gare ta, Héber, magini. Ya tafi Valencia, can Sifen, kuma sau biyu a mako yake rubuto mata: abin da ya ci, rashin kunyar shugaban aikinsu, yadda mutanen can ba su iya gasa nama ba. A shekara ta 2008 ya faɗo daga hawa na biyar na wani gini, can aka binne shi. Abin da ya rage mata nasa wasiƙu ne ɗari biyar da 'yan kai, dukansu a cikin Alfadara. A hankali sauran mutane suka sayi wayoyin hannu suka daina zuwa, ita kuwa kowace Alhamis da ƙarfe goma sai ga ta da jakarta a hammata.

Wata rana ta ce masa, "Don Atilio, ba za ka buga mini su a takarda ba? In ajiye a gida."

"A gidanki na bakin kogi? Doña, hotunan aurenki fa, ina suke?"

"Ruwa ya ci."

"To, kin gani. Takarda abincin laima ce da kyankyaso. Nan kuwa," ya nuna allon ƙofa da haɓa, "dubi lambar can. Kin taɓa ganin ta koma baya?"

Ba ta taɓa gani ba. Ta yarda, ba ta sake tayar da maganar ba.

Mutum ɗaya ce lambar ba ta burge ta, ita ce Ondina Larrosa, abokiyar sana'arsa. Malamar lissafi ce a da, ta gaji da surutun aji ta zo suka haɗa hannu a 2005. Doguwa ce siririya, bakinta kuwa ba ya ajiye magana ta kwana. Ita ke kula da masu shafuka da koke-kokensu. Babbar kalmar sirrin Alfadara dai tana kan Don Atilio shi kaɗai, Ondina leƙe kawai take iya yi.

Rigimarsu ta farko babba ranar amalanke ce. Mai gidan da suke haya ya sayar, dole su koma wani shago, layi huɗu sama. Ondina ta ce a kashe Alfadara, a saka ta a mota, minti ashirin an gama. Don Atilio ya dube ta kamar ta ce a yanka masa uwa. Ya aro amalanken mai sayar da kayan lambu, ya shimfiɗa katifa, aka ɗora batura tukuna, sannan ƙarti huɗu suka ɗaga Alfadara tana ta hucinta, wayar wuta a jikinta. Haka aka haura titin nan mai duwatsu, taku ɗaya ɗaya, shi yana gaba yana tafiya da baya, hannuwa a sama, yana ihu.

"Sannu! Sannu, na ce, jakai! Ba buhun dankali ba ne!"

Mahauci ya fito da wuƙa a hannu yana kallo. Mata suka leƙo ta tagogi. Wani ɗan iska ya cire hula ya ɗora a ƙirji, ya tambaya mutum-mutumin wane waliyyi aka fito da shi daga coci yau. Da aka isa aka jona ta a bango, fankarta ba ta ko yi tari ba, unguwar duka ta ɗauki tafi. An shekara ana ba da labarin, kuma ba ƙarya, abin ya yi kyan gani.

Ondina ta bari sai da aka watse. "Tsoho, ka san awa nawa shafukan mutane suka yi a rufe yau? Uku. Wayar intanet ai a cire take tun da muka taso. Mai otal ya kira sau shida."

"Amma ba ta mutu ba."

"Shi mai otal ina ruwansa da ta mutu ko ba ta mutu ba? Shafinsa yake nema."

"Ke lissafi kika sani," in ji shi. "Ba ki san inji ba."

Akwai kuma Ulises Techera, mai irin sana'arsu a ɗaya ɓangaren gari. Duk Juma'a da la'asar sukan haɗu a shagon shayin da ke kusa da kasuwa, kuma Don Atilio ba ya bari ya zauna lafiya.

"Ga mai kashe-kashe nan ya iso! Techera, taka kwana nawa yau? Tara? Ko mu sayo mata kyandir ɗin zagayowar mako?"

"Sha biyu," in ji Techera, yana jan kujera. Mutum ne mai sanyin magana, ba ka iya tayar masa da hankali. "Biyu gare ni, ranar Lahadin farko ta kowane wata nake kashe ɗaya, ɗayar ta riƙe aiki. In saka mata gyaran da ya fito, in kunna, in ga ta tashi da ƙafarta. Ba wanda ya taɓa lura."

"Inji mai lafiya ba ya neman hutu."

"Kai taka, Don Atilio, in aka kashe ta yau za ta tashi?"

"Me zai sa a kashe ta?"

"Ban ce a kashe ba. Cewa na yi, za ta tashi?"

Nan sai Don Atilio ya juya ga jama'a ya ɗaga murya, ya ce wanda bai taɓa kai kwana ɗari ba shi ke koya wa mai dubu biyu sana'a, aka bushe da dariya, magana ta bi iska. Gaskiya dai bai san amsar ba, kuma ba ya son ya sani. Shekara da shekaru yana yi mata 'yan dabaru tana tafe, ya ɗaure nan, ya toshe can, rabinsu ya manta yadda ya yi su. Gyare-gyaren da ake fitarwa don toshe ƙofofin ɓarayi kuwa, duk wanda ke buƙatar a kashe a kunna, sai ya ce a bari sai wani jiƙon. Kuma garin na bayansa. Manomi zai tsaya a ƙofa ya ga dubu biyu da ɗari bakwai, ya ce lalle wannan shi ne gwani, ya shigo da shafinsa. Wa zai gaya wa mutum ya goge abin da ke kawo masa yabo?

Haka aka tafi har Maris na 2013. Ranar wata Asabar Alfadara za ta cika shekara goma cif, kwana dubu uku da ɗari shida da hamsin da uku. Don Atilio ya sa mahauci ya ware masa haƙarƙari da tsiran alade na mutum arba'in, ya gayyaci wani ɗan jarida, ya aika wa Techera takarda ta musamman da hannunsa.

Saura kwana goma sha biyu, ranar Litinin da hantsi, Ondina ta same shi yana shan mate a bakin ƙofa. Fuskarta ba annuri.

"Zo ka ji wani abu."

Ba sai ya shiga ɗakin ba ma. Daga bakin labule kunnensa ya kama shi: ƙas, shiru, ƙas, ƙas. Ya san wannan sauti sarai, kwana uku ke nan yana jin sa yana yi wa kansa ƙarya.

"Faifan ajiya biyu ne a cikinta," in ji Ondina, "kowane yana ɗauke da abin da ɗayan ke ɗauke da shi. Ɗaya ya mutu, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Na biyun ne kake ji."

"Akwai kwafin ajiya. Kullum take yi."

"Shi ne na biyu da zan gaya maka. Na buɗe akwatin ajiyar. Ba komai a ciki tun ranar amalanke, na da ma ya lalace. An cire shi a tsohon shago, aka mayar a nan, ita kuwa ba ta sake gane shi ba, don sai an kashe an kunna take ganewa. Shekara shida kullum tana rubuta maka 'an gama', tana zuba ruwa a kwando. Ba wanda ya taɓa buɗewa ya duba. Ni ma da laifina."

Don Atilio ya ajiye fulas ɗinsa a kan tebur a hankali.

"Ga abin da za a yi," ta ci gaba. "Ka ba ni kalmar sirri yanzu, in kwashe komai ta waya zuwa kwamfutata. Da yamma mu kashe ta, mu sa sabon faifai."

"Kwashe komai lokaci ɗaya? A wannan hali? Ai sai ta sanƙare."

"Ta sanƙare mana! Sai mu kunna."

"Saura kwana goma sha biyu, Ondina."

"To, bar shafukan otal, suna da nasu kwafi. Wasiƙun kawai. Awa ɗaya."

"In ta sanƙare a cikin awa ɗayan fa?"

"Sai ka rubuta ɗaya a allonka, kamar kowane ɗan Adam! Haba, tsoho! Matar nan ba ta da kabarin da za ta ziyarta. Abin da take da shi ke nan."

Maganar ta soke shi, har ya buɗe baki. Sai idonsa ya faɗa kan allon ta ƙofa. Ya ce faifan da ya yi shekara goma ba zai gaza kwana goma sha biyu ba, ya san injinsa, ranar Lahadi da sassafe zai ba ta kalmar ta yi yadda take so. Ondina ta kira shi da sunaye uku da ba za su maimaitu ba, ta ɗauki jakarta ta fita. Washegari ta dawo ta sake roƙo, jibi ma haka. Ya yi kunnen uwar shegu.

Kada wani ya ɗauka mugun mutum ne. Ba mugu ba ne ko kaɗan, mutum ne da ya yi shekara goma yana tashi da safe saboda lamba ɗaya, har ya manta abin da lambar take wakilta. Kwanakin nan ya rame. Ya sayo fanka ta biyu ya saita wa Alfadara, ya hana a rufe ƙofa da ƙarfi, ya hana mai shara shiga ɗakin. Alhamis biyu Doña Herminia ta zo ta zauna ta yi karatunta, shi kuwa yana can yana goge kantocin da ba su da ƙura don kada su haɗa ido.

Ranar Juma'a, ana gobe biki, wajen ƙarfe uku na rana, ƙas-ƙas ɗin ya koma wani siririn ƙara kamar ana jan ƙusa a kan kwano. Sai kuma ya ɗauke. Wayar shago ta fara ruri, mai otal ne, bayansa likitan haƙori, bayansa manoman lemo. Duk shafin da aka nema, babu.

Abin takaicin shi ne Alfadara ba ta mutu ba. Fankarta na juyawa, koriyar fitilarta na ci. Don Atilio ya zauna ya tambaye ta kwanakinta, ta amsa masa tsaf: dubu uku da ɗari shida da hamsin da biyu. Ya tambaye ta akwatin Pintos, ta ce ba ta san da shi ba.

Ba tare da an roƙe shi ba ya jawo takarda, ya rubuta kalmar sirrin, ya tura wa Ondina. Ta karɓa. Ta zauna. Ta ce faifai ya tafi, amma akwai abin da inji ke riƙewa a ƙwaƙwalwarsa muddin yana kunne, wato abin da aka buɗe kwanan nan. In da rabo, za a tsinci wani abu a can. Har rana ta yi sanyi tana tsinta, layi layi. Daga akwatunan gidaje sama da ɗari biyu, abin da ta samu cikakke wasiƙu tara ne, duka na Héber Pintos, waɗanda uwarsa ta karanta jiya.

Kada in ja ku da fata: daga baya an aika faifan biyu Montevideo wurin gwanaye, suka dawo da su suka ce ciki ya goge, ba abin da za a ciro. Amma Don Atilio bai jira su ba kafin ya sani. Tun da ya ji ƙaran nan ya san an gama.

Ranar Asabar mutane suka zo, don ba a samu sanar da kowa ba. Nama kuma an riga an sare shi, a garin nan ba a mayar da nama. Aka hura wuta aka gasa, aka ci a tsaitsaye, ba waƙa ba tafi. Ɗan jarida ya ga yanayi ya mayar da alƙalaminsa aljihu. Techera ya shigo da kwalbar giya a hannu, ya wuce ɗakin baya, ya daɗe yana kallon fuskar kwamfutar.

"Ta cika goman fa," in ji shi a hankali.

"Ta cika."

Kowa ya zata zai rama na shekaru. Sai ya ce akwai wuri a injinansa, a kawo shafukan otal da na manoma ranar Litinin, ya riƙe musu har a gyara. Don Atilio ya gyaɗa kai. Ya sunkuya ya kai hannu bayan Alfadara ya danna maɓalli. Ɗakin ya yi wani irin shiru da ba wanda ya taɓa jin sa a nan. Ya sake dannawa, don dai a sani. Fanka ta juya sau biyu ta tsaya, ba ta tashi ba.

Ondina ta ce za ta raka shi gidan Doña Herminia, ya ce a'a. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya ɗauki wasiƙun tara da aka buga a takarda, ya gangara unguwar bakin kogi da ƙafa. Ya tarar da Doña Herminia a ƙarƙashin inabin tsakar gidanta tana ɓarar wake.

"A'a! Don Atilio a gidana? Ba yau ne bikinku ba? Shigo, shigo, ruwa na kan wuta."

Bai zauna ba sai da ya faɗa. Ya faɗi duka, bai rage ba: faifan da ya mutu, kwafin da babu, kwana goma sha biyun, roƙon Ondina, da abin da ya sa ya ƙi. Bai ce tsautsayi ba ne. Ya ce shi ne. Sannan ya miƙa mata takardun da hannu biyu.

Ta goge hannunta a zani ta karɓa. Ta duba kan kowace, ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi.

"Wannan ta ranar da ya fara ganin teku. Wannan ta ciwon haƙori. Wannan wadda ya ce zai sa mini sabon rufi." Ta daidaita su a cinyarta. "Waɗannan ai na haddace su, Don Atilio. Ko da ido a rufe zan karanta maka. Ina ta sha ɗaya ga Yuni?"

"Wacce ke nan, Doña?"

"Ta ƙarshe. Da safe ya rubuto ta, da rana ya faɗo."

"Abin da aka buɗe kwanan nan kaɗai aka samu. In kin karanta ta shekaranjiya, da tana ciki."

"Ban karanta ba." Ta dube shi. "Ban taɓa buɗe ta ba."

Don Atilio ya zauna a kan bencin da ke gefe.

"Duk Alhamis ina ganin ta can a sama," in ji ta. "Sai in ce mako mai zuwa. Ka gane, muddin ban buɗe ba, akwai sauran maganar da yaron nan bai gaya mini ba tukuna. Na ce sai ranar da na ji jikina ya fara ba ni labari, sai in zo in karanta, in tafi da ita. Ban ga abin gaggawa ba. Tana nan a wurinka."

Buta ta fara kuka a kicin, ba wanda ya tashi. Can sai ta matso da kujerarta, ta rage murya kamar mai neman a yi mata wata alfarma ta ɓoye.

"Kai fa? Duk shekarun nan kana da mabuɗin kowane akwati. Ba ka taɓa leƙawa ba? Ko sau ɗaya, ranar da ba kowa? Ba zan yi fushi ba, na rantse. Ko layi ɗaya ka tuna, ka gaya mini."

Ya so ya yi mata ƙarya. Ya san yadda Héber ke magana, zai iya ƙirƙiro layi biyu a nan take, ta riƙe su har ta mutu. Ya buɗe baki, ya kasa.

"Ban taɓa karanta wasiƙar kowa ba, Doña. Ko ɗaya."

Hawaye bai zo mata ba, shi ne nasa suka zubo suna bin gashin baki.

"Ina ma a ce kai mara kunya ne, da ka leƙa," in ji ta.

Ta tashi ta shiga kicin ta sauke butar.